Suwizalan ko Ingila: abin da mai fasfon Jamus zai tanada

Ɗan'uwa, ka ce ka zama ɗan ƙasar Jamus, kana son kai iyali hutu Suwizalan ko Ingila, mai ɗakinka kuma har yanzu fasfon Najeriya ne a hannunta. Kai dai ba ka buƙatar biza a duka biyun, amma shirin ba ɗaya ba ne.

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, sai dai tana yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun 2008. Katin shaidarka na Jamus ya ishe ka shiga, ka yi har kwana 90. A bakin iyaka kaya aka fi sa wa ido: tsarabar da ta haura faran 150 (faran shi ne kuɗin Suwizalan) sai an biya mata haraji, nama kuma kilo ɗaya ake yafe wa kowane mutum. In da mota za ku je, ka sayi sitikar babbar hanya ta faran 40 kafin ka hau.

Ingila kuwa, tun da ta fice daga Tarayyar a 2020 lamarin ya sauya. Daga 1 ga Oktoban 2021 ta daina karɓar katin shaida daga masu ziyara, sai fasfo. Daga 2 ga Afrilun 2025 aka ƙara da ETA, izinin da ake nema ta waya kafin a tashi. Yana aiki shekara biyu, ko zuwa ƙarewar fasfon in shi ya riga, kowace ziyara kuma ba ta wuce wata shida. Kowa da nasa, har jaririn goye. Ka nema ta manhajar gwamnatinsu kai tsaye, don intanet cike take da 'yan kamasho masu ninka kuɗin.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne batun Hajiya. Da fasfonta da katin izinin zamanta na Jamus za ta shiga Suwizalan lafiya lau, kwana 90 cikin kowane 180. Wannan katin ba ya buɗe mata ƙofar Ingila, kuma ba a ba mai fasfon Najeriya ETA. Dole ta nemi bizar ziyara, ta je a ɗauki hoton yatsunta, ta jira kamar mako uku, wani lokacin fiye.

In hutun yara ya matso, ni Suwizalan zan ce ku nufa. In Landan ce a ranku, a fara da bizarta, ana iya nema tun saura wata uku, kuma kada ka sayi tikiti sai ta fito.