Wata uku ina kwas ɗin shirin jarrabawar babban injiniyan jirgi daga Maradi

A fadarmu ta unguwar Zariya har yau tsiya ake yi mini, wai injiniyan jirgin ruwa daga garin da Gulbi ke ƙafewa da rani. Shekara 11 ke nan ina ɗakin inji, huɗu daga ciki a matsayin injiniya na biyu. Da na zo hutu bana sai na biya wani kwas na intanet mai shirya mutum jarrabawar babban injiniya. Kuɗin ya kai na ragon layya mai kyau.

Ga wanda bai san tsarin ba: yarjejeniyar STCW ta 1978, ta ƙasa da ƙasa kan horo da takardun ma'aikatan jirgin ruwa, wadda aka yi wa gyara a Manila a 2010, ita ke jera matakan. Takardar III/1 ta mai tsaron inji ce a jirgin da ƙarfinsa ya kai kilowat 750. III/3 ta tsaya tsakanin 750 da 3,000. Wadda nake nema, III/2, ta jiragen kilowat 3,000 zuwa sama ce. Kafin a ba ka matsayin babba ana son wata 36 a teku, ko 24 idan ka yi aƙalla 12 kana na biyu.

Inda kwas ɗin ya ci kuɗinsa shi ne gwajin baka. Sau ɗaya a mako wani tsohon babban injiniya zai kira ka ta bidiyo ya tsare ka kamar alƙali. Ranar farko ya ce mini: na'urar gano hazon mai a cikin akwatin karanshaf, wato cikin injin inda babban sandar ƙarfe ke juyawa, ta yi ƙara, me za ka yi? Na fara zuba, har na kai ga buɗe ƙofa in duba. Ya dakatar da ni ya ce na kashe mutanena. Na san amsar sarai: a rage gudu, a tsayar da inji, kowa ya ja baya, a bar shi ya huce kafin a taɓa ƙofa, don iska na shiga sai fashewa. Hannuna ya san aikin, bakina ne bai iya jera shi ba, kuma jarrabawa baki take saurare. Darussan doka ma sun yi, musamman ƙa'idar 2020 da ta sauko da sulfa a man jirgi zuwa kashi 0.50 cikin ɗari, da yadda ake rubuta canjin mai a littafi.

Sai dai tallarsu ta yi wayo. Mai karanta ta zai ɗauka takarda zai samu. Ba su da ikon ba da ita. Hukumar teku ta ƙasa ce ke bayarwa, kuma horon babbar wutar da ta haura bolt 1,000 da na kashe gobara sai ka je da ƙafarka cibiyar da aka amince da ita. Mu ƴan Nijar da ba mu da gaɓar teku, wannan na nufin tikitin Abijan ko Akara, da kuɗin masauki. Ko kalma ba su ce ba a kan haka.

Bidiyon kuma nauyi gare su. A zafin Afrilu, kuran na ɗaukewa, na sha kallon darasi ɗaya kashi uku. Komai da Ingilishi ne, ni kuwa da Faransanci na yi karatu, ko da yake a ɗakin inji dama Ingilishin ake ji.

Darasin zaɓin aiki a tudu shi ya fi ba ni haushi, minti 20 kacal. Sun ambaci mai kula da jiragen kamfani daga ofis da mai binciken jirage a wurare irin Bureau Veritas, kamfanin da ke duba ingancin jirage, suka wuce. Ba su taɓo tashoshin wuta masu manyan injinan gazuwal ba, irin ta Goru Banda a Yamai, alhali dangin injin da muke kwana da shi ne. Uwargida kuwa wannan take so ta ji, don ta gaji da aure ta waya.

Wanda kwanakinsa na teku suka cika, kuma gwajin baka ke ba shi tsoro, ya biya. Wanda bai cika ba ya fara ƙirga tambarin littafinsa na aikin teku tukuna. Ni na ƙirga nawa, sun isa. Bayan Sallah zan shiga motar Yamai, daga can sai Abijan.