Gargaɗi: mai sayar da kifin teku na ado a Legas ya ci min N480,000

Jama'a, duk mai kiwon kifin ado na ruwan gishiri a garin nan ya karanta. N480,000 na tura wa wani mai talla a Instagram, kifi shida, yau ko ɗaya babu, duk sun mutu. A cikin kuɗin nan N80,000 wai ladan killacewa ne, wato ware kifin na ɗan lokaci don a tabbatar ba su da cuta. Ladan killacewa!

Kada wani ya ce ban bincika ba. Daga Agege na tashi takanas, na sha cunkoso har Lekki na gan su da idona. Huɗu masu ruwan lemo da ratsin fari, biyu shuɗɗa irin da ake kira tang, suna ta iyo lafiya. Ya watsa musu abinci a gabana suka wawashe. Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, kwana 30 suka yi a killace a hannuna, ka je ka juye kawai." Har yanzu ina jin muryarsa. Ya dafa ƙirji fa. Wa zai ga kifi yana ci haka ya yi zargi?

Duk da rantsuwarsa ban juye su a babban tanki ba, ƙaramin tankin killacewa na sa su. Da a babban na juye su, da sun shafe min komai.

Da suka fara mutuwa na kira shi, sai ya ce laifin ruwana ne. Ƙarya yake. Amoniya sifili, gishiri 1.025, zafi 26, duk na auna. Ya koma cewa ɗauke wuta aka yi iska ta ƙare musu. Ina da inbata, ga janareta, famfon tankin bai taɓa tsayawa ba.  Tang ɗin ne suka fara: numfashi sama-sama, suna gudun haske, sun je sun tsaya daidai bakin famfo inda ruwa ke fesowa. Da na haska tocila a gefen jikinsu, kamar an barbaɗa musu toka. Wayewar gari su biyun suna ƙasa matattu.

Wani tsohon hannu a harkar ya kalli bidiyon ya ce wata cutar kifi ce da ake kira belbet. Wurin numfashi take fara kamawa, shi ya sa kifi ke mutuwa kafin ka ga komai a fatarsa. Ya ce in auna ruwan da aka kawo su ciki, Allah ya sa na rage a bokiti. Da na auna, akwai maganin jan ƙarfe da ake yi wa cutar a ciki, amma ɗan kaɗan, wanda zai danne cutar ba zai kashe ta ba. Kifi ya yi kyau a shago, yana shiga ruwa mai tsabta cutar ta taso. Wannan ita ce killacewar N80,000.

Yanzu ya toshe lambata. N480,000, ban da gishiri da man janareta. Hoton hirarmu ta WhatsApp, rasit ɗin banki da bidiyon kifin duk suna nan, zan ɗora su anjima. Saƙon muryar da yake cewa "kwana 30" ma ban goge ba.

Kada ku biya kowa kuɗin killacewa, ku killace da kanku, ku auna ruwan ledar da aka kawo kifin ciki. Mai son sanin shagon ya same ni ta akwatin saƙo.