Notin salansa ya karye: walda ko huda?

Idan guntun ya leƙo waje ko kaɗan, walda ta fi. A cire wayar batir, a ɗora sabon noti a kan guntun, a cike raminsa da walda. Zafin yana fasa tsatsa, kuma waldar ba ta kama alminiyom ɗin kan injin da guntun yake ciki. Ya huce tukuna, sannan a riƙa murɗawa da sufana, gaba da baya, a hankali.

Huda kuwa sai wanda ya karye can ciki. A buga alama a tsakiya daidai, a fara da bakin huda mai milimita 3, a ƙare da 6.8 idan notin M8 ne, wato mai kaurin milimita 8. Hannu ya ɗan karkace, zaren da notin yake bi a cikin ramin ya tafi. Ƙarfen zaro guntu ma abin tsoro ne: in ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa.