Akantan da ya duba mini takardun sasanta bashi

Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Bara kasuwa ta yi sanyi, bashin da dilana ke bina ya kai naira miliyan 3, sai ya haɗa ni da kamfanin karɓar bashi. Muka sasanta, na biya miliyan 2, aka yafe mini sauran. Na ɗauka magana ta ƙare.

Maƙwabcin shagona ne ya tura ni wurin wani akanta a Titin Gidan Zoo. Ina zama ya ce, "Alhaji, ina takardar yafiyar?" Wallahi ban karɓa ba. Ya buɗe littafin cinikina, ya ɗora yatsa inda na rubuta kuɗin kayan gaba ɗaya cikin abin da na kashe. Ya ce tunda an cire su daga riba, miliyan ɗin da aka yafe ya koma kuɗin shiga, dole in bayyana shi ga hukumar harajin jiha. Shi ya rubuta wa kamfanin har takardar ta fito.

Na biya akantan naira dubu 25, ban yi nadama ba. Sai dai jira: awa biyu a benci, ga zafi, ba fanka. Ku je da sassafe.