Mayar da 1911 zuwa .460 Rowland: ƙarfi ya samu, kunne ya sha

Kayan da na saya ba su da yawa: sabon bututun bindiga mai ƙarfen rage shuri a bakinsa, da sifirin mai tauri, da ɗan sandar da sifirin ke hawa. Da su ake mayar da fistol ƙirar 1911, wadda John Browning ya ƙera wa harsashin .45 ACP, ta koma cin .460 Rowland. Wannan harsashi Johnny Rowland ne ya fito da shi a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1990, kuma burinsa shi ne a samu ƙarfin da ya doshi na harsashin rifolba .44 Magnum a bindiga mai loda kanta.

Dabarar da ta fi burge ni tana jikin kwanson harsashin. Ya ɗara na .45 tsawo da kusan kashi ɗaya cikin 16 na inci, don haka ba ya zama a bututun da ba a yi dominsa ba. Amma tsawon harsashin gaba ɗaya bai sauya ba, shi ya sa tsohon magazin ɗinka ke ɗaukarsa. Bambancin yana cikin matsin wuta: .45 ACP na tsayawa a fam 21,000 kan kowane inci murabba'i, wannan kuwa na kaiwa wajen 40,000. Dalma mai giram 15 da a da take gudun ƙafa 850 a daƙiƙa, yanzu tana kai 1,300. Ƙarfin bugu ya ninka har ya wuce.

Na zaci wuyan hannu zai yi tsami. Shurin yana nan, amma ba irin na rifolba mai .44 ba ne, wadda ke ɗaga baki sama ta murɗe maka hannu. Ramukan da ke saman ƙarfen bakin suna watsa hayaƙi sama, sai su danne bindigar ƙasa, nauyinsa kuma yana jinkirta buɗewar silaid, wato ƙarfen saman bindiga mai ja da baya bayan harbi, har matsin ya sauka. Abin da ke isa tafin hannu turi ne miƙaƙƙe zuwa baya, mai kaifi, kuma saiti na dawowa kan allo da wuri fiye da yadda lissafi zai sa ka yi tsammani. Sharaɗin dai ka riƙe ta can sama da hannu biyu, ka ƙame wuyan hannu, ka ɗan ranƙwafa gaba. Da na sassauta riƙo da gangan don in gani, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar fitar kwanso, silaid ya cije shi.

Wannan ƙarfen baki ba ado ba ne. Masu cewa za su cire shi don bindiga ta shiga kube ba su san abin da suke wasa da shi ba, domin in babu shi silaid zai riƙa dukan firam, wato gangar jikin bindigar, da gudun da ba a gina shi ya ɗauka ba. Ni ko a bindiga mai firam ɗin alminiyam ba zan sa kayan nan ba. Ƙarfe zalla, kuma a kai wa maƙerin bindiga ya duba zaman bututun, ko da an rubuta a kwali cewa sakawa kawai ake yi.

Sai kuma abin da ake biya. Ƙarar ba a magana. A filin harbi mai rufi iskar harbin na dukan fuska kamar an buɗe murfin tanderu, wanda ke layin kusa da kai kuma sai ya juyo ya harare ka. Toshin kunne biyu nake sawa, na cusawa da na rufewa. Sifirin ɗin ma ya sa jan silaid ya zama aikin ƙarfi, mai ciwon yatsu zai sha wuya. Magazin mai tsohon sifirin ba ya iya turo harsashi da saurin da ake bukata, sai da na sauya masa mai tauri kafin lodi ya daidaita. Harsashin kuwa ba kowane kanti ke ajiye shi ba, kuma ya fi .45 tsada sosai, shi ya sa yawancin masu harba shi suke loda nasu da kwanson kamfanin Starline.

Wa ya kamata ya saya? Mafarauci mai bin aladen daji ko barewa a kusa, ko mai yawo a dajin da beyar ke zama, wanda ya riga ya saba da 1911 kuma ba ya son koyon wata bindiga daban. A gare shi kayan nan sun ci kuɗinsu. Wanda harbin takarda kawai yake yi a ƙarshen mako, .45 ɗinsa ta ishe shi. In kuma ƙarin ƙarfi kawai yake marmari, ya duba harsashin 10mm Auto: bai kai wannan zafi ba, amma ana samunsa cikin sauƙi, kuma bindigoginsa tun daga masana'anta aka gina su dominsa.