Gargaɗi kan masu sayar da bawul ɗin jabu na rigar sanyaya tukunyar matsi

'Yan'uwa injiniyoyi da masu sayo wa masana'antu kayan aiki, a yi hattara da wasu dillalai da ke tallar bawul ɗin sakin matsi (na'urar da ke buɗewa da kanta idan matsi ya yi yawa) a intanet, suna cewa wai "na gobara ne, kuma ya dace da rigar sanyaya kowace irin tukunya". Wannan maganar kaɗai ta isa ta tona musu asiri. Lissafi ne ke fitar da girman bawul, kuma kowace riga da nata lissafin.

Rigar sanyaya wani bango ne na biyu da ake waldawa a jikin tukunyar sinadarai ta masana'anta, ruwa ko ruwa gauraye da gilaikol (sinadarin hana daskarewa) yana zagayawa a tsakani. Idan gobara ta tashi, sau da yawa lantarki ake fara katsewa, famfo ya tsaya, a rufe hanyoyin shiga da fita ko su rufe da kansu. Ruwan ya kulle ke nan, kuma shi wuta ke fara tararwa tun kafin ta kai ga abin da ke cikin tukunyar. Ruwan da ya koma tururi a matsin iska na yau da kullum yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki a da. In bai samu mafita ba, ko dai rigar ta tsage, ko ta matse bangon ciki har ya loɓa. Na biyun ya fi muni a ganina, domin sinadarin da ke ciki shi ma zai fito ya sami wutar.

Damfarar da suka fi yi ita ce ta ƙaramin bawul, mai bakin shiga inci 3/4 da bakin fita inci 1. Bawul ɗin na gaske ne, kuma yana da aikinsa: sakin ɗan ruwan da ya ƙaru idan ruwan da aka kulle ya ɗumama ya kumbura. Shi suke liƙa wa takarda su ce na gobara ne. To mu ɗan yi lissafi. Ƙa'idar API 521, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, tana ƙiyasta zafin da gobara ke zubawa ne daga faɗin bangon da ruwa ke taɓawa, har tsayin mita 7.6 daga inda wutar ke ci. Riga mai faɗin murabba'in mita 10, ba a naɗe ta da abin tare zafi ba, a wurin da ke da magudana da kayan kashe gobara, za ta sha zafi kusan kilowat 285. Wannan zai tafasa ruwa kusan kilo 500 a awa guda. Ga shi kuma rigar cike take maƙil, babu sarari a sama, don haka abin da zai fara fita gaurayen ruwa da tururi ne, wanda ke buƙatar ƙofa mafi faɗi fiye da tururi zalla. Ka tambayi dillalin wane faɗin bango ya yi lissafi da shi. Sai ka ji ya koma zancen rangwame.

Akwai kuma masu tsinto tsofaffin bawuloli daga masana'antun da aka rushe, su kankare tsatsa, su fesa fenti, su buga sabon farantin bayani, su haɗa maka da hoton takardar shaida. Sifirin ɗin ciki kuwa, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke danne bawul ɗin a rufe, na wani matsi ne daban, ko ya riga ya gaji.

Wata dabarar tasu ita ce fakewa da kashi 21. Gaskiya ne dokar ASME (ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka), Sashe na 8, ta yarda matsi ya haura iyakar da aka amince wa tukunya da kashi 21 cikin ɗari a lokacin gobara, maimakon kashi 10 na bawul guda a sauran lokuta. Amma wannan haurawar ta lokacin da bawul ya riga ya buɗe yana fitarwa ce. Idan bawul ɗaya ne ke tsaron rigar, bai halatta a saita buɗewarsa sama da iyakar rigar ba. A lura kuma, riga da tukunya kowacce da iyakarta a rubuce a faranti, kuma ta rigar kan kasance ƙasa da ta tukunyar. Mai son ya rabu da hajarsa, iyakar tukunyar zai karanta maka.

Kafin a biya ko sisi, a duba tambarin UV na ASME da alamar NB ta National Board (hukumar masu duba tukunyoyin matsi ta Amurka) a farantin. Idan gyararre ne, a nemi tambarin VR na wurin da ya yi gyaran. Kayan Turai kuwa alamar CE suke ɗauka bisa dokar Turai ta kayan matsi, kuma ana ƙera su bisa ƙa'idar ISO 4126. Sai dai buga tambari ba wuya ba ne ga ɗan damfara, shi ya sa na fi yarda da a ɗauki lambar bawul ɗin a aika wa kamfanin da ya ƙera shi kai tsaye, ta adireshin da kai ka nemo, ba wanda dillalin ya ba ka ba. A duba wayar hatimi da ke kan hular saiti. In an tsinke ta an sake ɗaurawa, an taɓa cikinsa.

Kada kuma bidiyon gwaji ya ruɗe ku. Suna son turo shi, ka ga allura ta hau, bawul ya buɗe da ƙara daidai kan lamba. Gwajin teburi matsin buɗewa kawai yake nunawa, ba ya nuna kilo nawa bawul ɗin zai iya fitarwa a awa. Wannan adadin yana cikin shaidar da National Board ke bai wa samfurin bayan gwajin kwarara, kuma shi ne za a ɗora a kan lissafin gobara na rigarku, wanda injiniyan masana'antar ya yi ya sa hannu, a ga ko ya kai.