Sabuwar tsakuwa ko baraguzan tsohon gini: wanne ya dace da tushen gidanka?

Tun da mutanenmu da yaƙin Sudan ya kora suka fara komawa Wad Madani da Khartum a 2025, abin da ya fi yawa a unguwanni shi ne baraguzai. Siminti daga Atbara ko Rabak yake tasowa, rodi da tsada, kuɗin mota ba a magana. Don haka in wani ya yi maka tayin fasasshen kankare a madadin tsakuwa, zuciya za ta karkata. Ni ban hana ba, amma ka san abin da kake saye, domin kayan da ake kira baraguzai iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Sabuwar tsakuwa, ta dutse ko ta rafi, ba ta buƙatar dogon bayani. Ba ta shan ruwa sosai, magini ya saba da ita, ya san awonta da ido. Aibinta kuɗi ne kawai.

Fasasshen kankare na ginshiƙi ko na rufi shi ne mafi kyau a cikin tsofaffin kaya. Tsakuwar da ke cikinsa tana nan da ƙarfinta, sai dai kowace ƙwaya tana sanye da ɓawon tsohon siminti, kuma ɓawon nan ƙishirwa gare shi. Yana iya shan ruwa ninki biyu ko uku na sabuwar tsakuwa, har fiye. Nan ake samun ɓarna: kwaɓi ya yi tauri nan da nan, lebura ya ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi, kankaren ya fito da rauni. Maganinsa a jiƙa tsakuwar tun daren jajibirin aiki, a bar ta ta tsane. Kuma kada a zuba ta zalla. Ƙa'idodin gini na Ingila da sauran Turai galibi suna tsayar da ita tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kankaren da ke ɗaukar nauyi, sauran ya zama sabuwa. Garin da ke fita wajen fasawa kuwa, a tankaɗe shi a ware, bai kai yashin rafi ba.

Wani abu da ya dame ni ƙwarai shi ne gine-ginen da suka ci wuta. Kankaren da ya ƙone yakan sauya launi zuwa ja-ja ko fari-fat, ya riƙa marmashewa a hannu. Wannan ya gama yayi, ko kyauta aka ba ka kada ya kusanci ramin tushe. Sannan tsibin da ba a san asalinsa ba, kada a tura yara su tone shi, ana samun makaman da ba su fashe ba a ƙarƙashin rusau.

Sai jan bulo, wanda gidaje da yawa na bakin Nilu da shi aka yi su. A Bangaladash, inda dutse ke wuya, da fasasshen bulo suke kwaɓa kankare, amma sun san suna ƙara siminti, kuma bulon da ya gasu sosai suke zaɓa. Namu na gargajiya gashinsa ba ya zuwa ɗaya. Ka ajiye shi don ciko, ko shimfiɗar farko da ake yi a gindin rami, ko daɓen tsakar gida. A nan zai rage maka kuɗi na gaske.

Na ukun shi ne haɗin gambiza: kankare, bulo, katako, gilashi, leda da farin jibs na ado duk a mota ɗaya. Jibs ɗin nan, in ya haɗu da danshi a cikin kankare, kumbura yake sa shi har ya tsage. Ba ya shiga kwaɓi ko kaɗan.

Ƙasar da za ka yi ginin ita ce alƙali. A Jazira, Sinnar, Mai Wurno da Gadarif baƙar laka ce, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. A irin wannan ƙasa, shawarata a sa sabuwar tsakuwa zalla a gindin ginshiƙai da ɗamarar da ke haɗa su, a kai tsohon kaya can inda ba nauyi. Wanda filinsa ke kan tsandauri, kamar wasu sassan Omdurman, kuma ɗakuna ne marasa bene, gaurayen kashi 20 ba zai cutar da shi ba.

Kafin ka biya, ɗebi guga ɗaya daga tsakiyar motar, ba daga sama ba, ka zuba ruwa. Abin da ya taso, da irin duhun ruwan, za su gaya maka gaskiyar kayan. Ka lissafa kuɗin fasawa, tankaɗe, wanki da ƙarin buhun siminti, sannan ka gwada da farashin sabuwa, domin wani lokaci ratar ba ta taka kara ta karya ba. In bene kake nufi, ka nemi injiniya ya zuba samfuri a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 7 da kwana 28, kafin a ɗora bulo ko ɗaya a kai.